B. B. King, Makaɗin da Ya Fito Daga Gonar Auduga

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Misisifi, ta ci sunan babban kogin nan da ya bi ta gefenta na yamma. A arewa maso yammacin jihar akwai wata makekiyar fadama shimfiɗe kamar tabarma, tsawonta ya kai kamar mil 200, mutanen wurin suna ce mata Delta. Ƙasarta baƙa ce wuluk, mai albarka, ba kuwa abin da ta fi karɓa kamar auduga. Masu noman audugar nan baƙaƙen mutane ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. An 'yanta kakanninsu a shekarar 1865, amma aka sake su hannu rabbana, ba gona, ba dabba, ba ko anini. Gonaki suna nan hannun Turawan ƙasar, waɗanda su ke da su tun dā.

Sabo da haka sai aka shiga wani irin noma wanda za mu kira noma-mu-raba. Mai gona ya ba mutum fili da ɗakin katako da alfadari da garma, ya kuma riƙa ba shi gari da tufafi bashi daga kantinsa har kaka. In an cire auduga sai a raba biyu, sa'an nan a zare bashi daga cikin rabin manomi. Littafin lissafi yana hannun mai gona, shi ke rubutawa, shi ke karantawa, manomi kuwa sau da yawa bai san ko bihim ba. In ma ya iya karatu, bai isa ya ce an yi kuskure ba, gama a zamanin nan baƙin mutumin da ya ƙaryata Bature a Misisifi yana iya rasa ransa. Mutum ya kan yi shekara cur yana sunkuye, kaka ta zo a buɗe littafi a ce masa har yanzu shi a ke bi.

A cikin irin wannan zama ne wata waƙa ta tsiro, wadda su ke kira buluz. Ma'anar kalmar ita ce ɓacin zuciya. Asalinta kirarin da mai garma ya ke rerawa shi kaɗai a bayan alfadari, da waƙoƙin aikin gayya, da na coci. Mawaƙi ya kan faɗi magana guda, ya sāke maimaita ta, sa'an nan ya kawo ta uku wadda za ta warware ta farin. Abin da a ke faɗa a ciki bai wuce bashi, da yunwa, da ambaliyar kogi, da kurkuku, da matar da ta yi yaji ba. Abin kiɗanta kuwa jita ce, 'yar'uwar garaya da molo, sai dai ita tsirkiya 6 gare ta.

A wata gonar auduga kusa da garin Itta Bena aka haifi Riley King, ran 16 ga Satumba, 1925. Ubansa Albert da uwarsa Nora Ella duka 'yan noma-mu-raba ne. Yana da kamar shekara 4 iyayen suka rabu, uwar ta ɗauke shi zuwa wajen danginta a Kilmichael, cikin tuddan da ke gabas da Delta. Ta rasu yana da shekara 9, ya koma hannun kakarsa Elnora Farr. A farkon 1940 ita ma ta rasu. Yaro mai shekara 14 ya zauna shi kaɗai a ɗakin kakarsa, ya karɓi eka guda daga mai gona ya noma audugarsa, kamar yadda manya ke yi. Da kaka ta yi aka buɗe littafi, aka ce ana binsa dala 7 da 'yan kai. Ka ji farkon saninsa da lissafin duniya.

Karatunsa kaɗan ne. Makarantarsu ɗaki guda ce a gefen cocin Elkhorn, a kan je ta in aikin gona ya yi sauƙi. Yana kuma da i'ina, sabo da haka ba ya son magana cikin mutane. Amma malaminsu, Luther Henson, ya kan gaya musu labarin baƙaƙen mutane da suka yi suna, ya kuma hore su kada su raina kansu, King kuwa bai daina ambaton malamin nan ba har tsufansa.

Jita ya fara ganinta a hannun wani mai wa'azi, Archie Fair, wanda ya ke kaɗa ta cikin coci. Shi ne ya fara nuna masa inda a ke ɗora yatsu. A gidan wata gwaggonsa kuma akwai garmaho, nan ya ji faya-fayan wani makaho mai suna Blind Lemon Jefferson, da na Lonnie Johnson. To, a nan akwai rikici, gama mutanen coci suna ce wa buluz kiɗan Shaiɗan, ba a yinsa a gidan mutunci. Yaro ya tashi yana waƙar coci da bakinsa, zuciyarsa tana wajen garmaho. Ubansa ya zo ya tafi da shi garin Lexington, ya yi kamar shekara 2 bai ji daɗin zama ba. A can ne, kamar yadda ya ba da labari daga baya, ya ga taron Turawa sun kashe wani baƙin mutum a bainar jama'a, ba wanda ya isa ya ce uffan. Ya hau keke ya koma Kilmichael. Wani Bature da ya yi wa aiki, Flake Cartledge, ya ba shi rancen dala 15 ya sayi jitarsa ta farko, aka riƙa zarewa daga ladansa.

A 1943 ya gangara Delta, ya sami aiki kusa da garin Indianola a gonar wani mai suna Johnson Barrett. Ya ciri auduga, ya yi huɗa, har aka ba shi tuƙin tarakta, watau motar noma, wanda shi ne babban matsayin da lebura zai kai a gona. Sabo da wannan aiki ne ma aka sallamo shi daga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don ana bukatar auduga. Yana cikin wata ƙungiyar mawaƙan coci, ranar Asabar kuwa sai ya ɗauki jita ya tsaya a bakin titi. Nan ya lura da wani abu. In ya yi waƙar addini, masu wucewa su kan shafa kansa su sa masa albarka su wuce. In ya yi buluz sai ya ji kuɗi na zuba cikin hula. Wata Asabar ɗin abin da ya ke samu ya kan fi ladan mako guda a gona.

Ana nan, wata rana a 1946, ya komo daga gona da yamma, ya kashe tarakta ya dira. Injin bai gama mutuwa ba, sai ta zabura ta shige rumfa, bututun hayaƙinta ya karye. Tsoro ya kama shi, bai tsaya ganin mai gona ba. Ya ɗauki jitarsa, da dala 2 da rabi a aljihu, ya kama hanyar Memfis, babban birnin da ke arewa da Delta, a cikin jihar Tenesi. Can akwai wani ɗan'uwan uwarsa, Bukka White, shahararren makaɗi, shi ya saukar da shi har wata 10.

A nan ya kamata mu dakata, don a gidan Bukka White ne aka shuka abin da ya bambanta King da sauran makaɗa. Shi Bukka, kamar yawancin makaɗan Delta, ya kan sa guntun bututun ƙarfe a yatsa, ya riƙa zame shi bisa tsirkiya, sai ka ji jita tana kuka kamar mutum. Waɗansu da wuyan kwalba su ke yi. King ya yi ya yi ya koyi wannan, hannunsa ya ƙi. Da ya ga abin ya gagara sai ya nemi sautin ta wata hanya. Ya kan danne tsirkiya da yatsa guda, ya saki sauran hannun yana karkarwa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, sauti ya riƙa rawa bai yanke ba. Ya kan kuma tura tsirkiyar sama da ƙarfin yatsa har muryarta ta miƙe ta hau, sa'an nan ya sauko da ita a hankali. Daga baya, da ya ji wani makaɗi mai suna T-Bone Walker yana kaɗa jitar lantarki, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, sai ya haɗa wannan da wancan.

Akwai kuma wani abin da ya gagare shi, watau ya yi waƙa da kiɗa a lokaci guda. Sabo da haka in yana waƙa jita ta kan yi shiru, in ya rufe baki ita kuma ta ɗauka, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Bai kuwa cika yawan bugu ba. Inda wani zai zuba sauti ashirin, shi ya kan saki guda, ya riƙe shi, ya jira. Masana kiɗa sun ce da sauti guda a ke gane hannunsa. A ganina abin lura a nan shi ne, duk abubuwan nan da duniya ta zo tana kwaikwayo daga baya, rashin iyawa ne ya haife su.

Memfis ba ta karɓe shi a karon farko ba, don ya tarar da waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba. Ya koma Indianola, ya je gaban Johnson Barrett, ya hau tarakta ya yi aiki har ya biya kuɗin ɓarnar da ya yi. Ba wanda ya kamo shi, shi ya kai kansa. Sai a ƙarshen 1948 ya sāke fita, wannan karo ba wanda ke binsa ko kwabo.

Ya yi sa'a, lokacin nan wani gidan rediyo a Memfis mai suna WDIA ya fara ba baƙaƙen mutane fili, har a 1949 ya zama gidan rediyo na farko a Amurka wanda dukan shirye-shiryensa nasu ne. Aka ba King minti 10 a rana, ya yi waƙa, ya kuma yi tallar wani maganin ƙarfin jiki mai suna Pepticon, wanda a gaskiya barasa ce ta sa a ke rububinsa. Yaron nan mai i'ina ya zama mai magana a rediyo. A Memfis akwai wani titi, Beale, matattarar makaɗa, sai aka yi masa laƙabi da Yaron Buluz na Titin Beale. Da Turanci kalmomin yaro da buluz duka da harafin B su ke farawa, daga nan aka taƙaita, ya zama B. B. King.

Cikin hunturun 1949 ya je wasa wani ƙauye mai suna Twist a jihar Arkansas. Ɗakin rawar na katako ne, an kafa duro a tsakiya, an zuba kananzir an kunna don jin ɗumi. Waɗansu maza biyu suka kaure da faɗa, suka ture duron, wuta ta malala a ƙasa kamar ruwa. Kowa ya yi ta kansa. King ya fita, sa'an nan ya tuna ya bar jitarsa a ciki, wadda ya saya dala 30. Ya kutsa cikin wuta ya ɗauko ta, ginin yana rushewa a bayansa. Kashegari ya ji ashe sabo da wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan. Sai ya raɗa wa jitar wannan suna, wai don ya riƙa tuna wa kansa kada ya ƙara irin wannan wauta. Tun daga ranar, kowace jita ya riƙe sunanta Lucille, har kamfanin Gibson ya zo yana ƙera wata iri da wannan suna.

A 1949 ya fara yin faifai. Ba a jima ba waɗansu 'yan'uwa masu kamfanin faifai a Los Anjeles, 'ya'yan gidan Bihari, suka ɗauke shi. A farkon 1952 waƙarsa mai suna Three O'Clock Blues, wadda ke ba da labarin mutumin da barci ya ƙaurace wa har ƙarfe 3 na dare, ta zo ta ɗaya cikin faya-fayan da baƙaƙen Amurka ke saye. Sunansa ya fita. Amma kada mai karatu ya zaci ya rabu da noma-mu-raba ke nan. Littafin lissafi yana hannun masu kamfani. Su kan rubuta wani sunan aro nasu kusa da nasa a jikin faifai, kamar tare aka tsara waƙar, don su sami kashi cikin ladanta. Manyan faya-fayansa kuwa a kan zuba su a kwandon araha, a sayar da su kasa da dala guda.

Abin da ya rage masa shi ne hanya. Ya tara makaɗa, masu ganga da masu busa, ya sayi babbar mota, suka riƙa bin garuruwa, yau nan gobe can. A shekarar 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342. In ka cire wannan daga kwanakin shekara za ka ga abin da ya rage masa na hutu bai cika wata guda ba. A jihohin kudu kuwa doka ta raba baƙi da fari, ba a ba su ɗaki a masaukin Turawa, ba a sayar musu da abinci sai ta ƙofar baya, wani wurin ko makewayi ba a barinsu su shiga. A 1958 motarsu ta yi karo da tankar gas a jihar Teksas, mutum 2 da ke cikin tankar suka mutu. King ba ya cikin motar, amma aka tarar inshorarta ta ƙare, sai nauyin ya hau kansa, ya yi shekaru yana biya. Hukumar haraji ma ta bi shi. Aurensa 2 duka hanya ta cinye su. Ba kuwa za a wanke shi sarai ba, gama shi da kansa ya yarda yana da son mata da caca, ya kuma amsa 'ya'ya 15 daga mata dabam dabam, waɗanda ya ciyar amma bai zauna da su ba.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya zo ne daga mutanensa. A farkon shekarun 1960 baƙaƙen Amurka sun tashi neman 'yanci da daidaito, samari kuwa sun koma wa sababbin kaɗe-kaɗe. Buluz ta zama musu abin kunya, tana tuna musu da alfadari da buhun auduga da sunkuyar da kai. A wani gidan wasa a birnin Baltimo, da aka kira sunansa sai samari baƙaƙe suka yi masa ihu. Ya yi waƙarsa yana hawaye. Ya taɓa cewa wanda ke waƙar buluz kamar an yi shi baƙi sau biyu ne, watau Bature ya raina shi don fatarsa, ɗan'uwansa ya raina shi don waƙarsa. Duk da haka bai sauya kiɗa ba. Abin da ya yi shi ne ya tufatar da shi. Ba ya hawa dandali sai da kwat, makaɗansa ma haka, ba maye, ba makara, don a daina cewa buluz kiɗan 'yan tasha ne. A ran 21 ga Nuwamba, 1964, aka ɗauki wasansa a gidan Regal na birnin Shikago, faifan nan kuwa har yau ana lissafa shi cikin mafiya kyau da aka taɓa yi a wannan fanni.

Taimako ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Waɗansu samarin Turawa a Ingila da Amurka, irin su Eric Clapton da Mike Bloomfield, sun daɗe suna sauraron faya-fayansa suna kwaikwayon yatsunsa, da suka yi suna kuwa ba su ɓoye inda suka koya ba. A 1967 aka gayyace shi gidan wasa na Fillmore a San Faransisko. Ya san gidan tun dā, wurin baƙaƙe ne. Da ya iso ya ga samarin Turawa masu dogon gashi sun yi layi, ya zaci an ɓata hanya. Aka kira sunansa, sai dukan ɗakin ya miƙe tsaye ana tafi tun bai taɓa tsirkiya ba. Ya tsaya ya yi kuka.

A 1968 ya ɗauki wani akanta, Sidney Seidenberg, ya zama mai kula da harkokinsa, sai a sa'an nan ne littafin lissafi ya dawo hannun wanda ke gefensa. A 1969 ya zaga Amurka tare da ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila. A ƙarshen shekarar ya fitar da The Thrill Is Gone, tsohuwar waƙar wani Roy Hawkins ce ta 1951, ya sāke mata riga, aka sa mata goge irin na Turawa a baya. Ita ce ta shigar da shi gidajen da ba su taɓa jin buluz ba, ta kuma samo masa lambar Grammy ta farko a 1971. Kafin ya rasu ya tara irin wannan lamba 15.

Daɗi bai sa ya manta inda waƙar ta fito ba. A watan Satumba na 1970 ya shiga kurkukun Cook County a Shikago ya yi wa fursunoni fiye da 2,000 wasa, yawancinsu samari baƙaƙe, da yawa kuwa ba a ko yanke musu hukunci ba, rashin kuɗin beli ne ya zaunar da su. Aka yi faifai da wasan, daga nan ya riƙa zaga gidajen yari yana wasa kyauta. A 1974 ya zo Kinshasa, a ƙasar da a ke kira Zayar a lokacin, ya yi wasa a bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman. A 1979 ya je Tarayyar Sobiyet. Mutumin da bai gama makaranta ba ya kan yi tafiya da littattafai yana koya wa kansa, har tuƙin jirgin sama ya koya ya sami lasisi.

Sauran shekarunsa na girmamawa ne, ba sai mun daɗe a kansu ba. Jami'o'i suka ba shi digirin girmamawa, a 2006 Shugaba George W. Bush ya rataya masa babbar lambar yabo ta farar hula, a 2012 ya yi wasa a fadar shugaban ƙasa gaban Barack Obama. Ciwon sukari ya kama shi, ƙafafu suka gaza, ya koma wasa a zaune, amma bai bar hanya ba. A shekarun ƙarshe ƙarfi ya ragu ƙwarai, har waɗansu masoyansa suna ganin da ya huta da ya fi. Ya yi wasansa na ƙarshe a Shikago a watan Oktoba na 2014.

Ya rasu a gidansa a Las Begas ran 14 ga Mayu, 2015, yana da shekara 89. Aka kai gawarsa Memfis, aka bi da ita ta titin Beale, makaɗa suna busa a gaba, wani yana riƙe da Lucille. Daga nan aka gangara da ita Delta. A Indianola akwai gidan tarihi da aka buɗe da sunansa a 2008, an haɗa shi da wani tsohon ginin jan bulo na injin gurzar auduga, inda ya taɓa yin lebura yana saurayi. A harabar gidan nan aka binne shi ran 30 ga Mayu.